Anti, Sun Ce Ban Iya Magana Ba

Wasiƙar wannan makon daga Zariya ta zo. Na rage mata tsawo, amma ban taɓa maganar mai ita ba.

"Anti, barka da aiki. Shekarata 26, na karanta aikin akanta, kuma na gama bautar ƙasa bara. Wata biyu da suka wuce wani kamfani a Abuja ya kira ni. Na ci jarrabawar rubutu, na kai zagayen ƙarshe na intabiyu, mu huɗu. Ba a ɗauke ni ba. Da na rubuta musu ina neman dalili, layi ɗaya suka aiko: wai na san aikin, amma ba ni da abin da suka kira articulate yadda suke so. Tun ranar ban sake jin daɗin bakina ba. Ƙamus ya ce mai iya bayani ke nan, amma zuciyata tana gaya mini Turancina na Bahaushiya suke nufi. Yanzu kullum sai na haddace manyan kalmomi goma. Akwai wani a intanet mai koyar da lafazin Turawan Ingila, ina so in biya shi da ɗan abin da na tara daga alawus. Ko a gida aka yi baƙo mai Turanci sai in shige ɗaki. Don Allah me kalmar nan take nufi da gaske, kuma yaya zan yi?"

'Yata, sannu. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shiga ɗakin nan da kike yi. Aikin da ya kuɓuce wani zai zo da yardar Allah. Amma yarinyar da ta kai zagayen ƙarshe cikin mutum huɗu ta koma tana ɓuya daga baƙon gidansu, wannan ba zan bar shi ya wuce haka ba. Ki riƙe kuɗinki tukuna, ki ajiye littafin haddar nan, mu duba kalmar da ta hana ki barci.

Asalinta Latin ne, harshen Rumawan dā. A Latin, artus na nufin gaɓa, irin ta jiki, inda ƙashi ya sadu da ƙashi. Idan suka so su ƙanƙanta ta sai su ce articulus, wato 'yar ƙaramar gaɓa, kamar ta yatsa. Daga nan suka ƙera aikatau articulare, a rarraba abu gaɓa-gaɓa. Ta shiga Turanci a ƙarni na 16, kuma da farko magana ake siffantawa da ita, maganar da aka furta a rarrabe har kunne ya iya ware wannan yanki daga wancan, saɓanin nishi ko gunaguni ko kukan dabba. Sai daga baya ta koma kan mutum, aka riƙa cewa wane articulate ne idan yana iya fito da abin da ke ransa a fili. Kalmar article da kike gani a kundin doka 'yar'uwarta ce, domin kowane sashe gaɓa ce a jikin dokar. Ciwon gaɓoɓi da likitoci ke kira arthritis shi ma dangi ne, sai dai ta Girkanci ya biyo.

Kin ma san kalmar tun ba yau ba, a wurin da ba ki zata ba. Idan tirela ta faɗi a hanyar Kaduna zuwa Abuja, jaridun Turanci kan ce articulated vehicle ce ta yi hatsari. Ba wai motar ta iya jawabi ba ne. Kai daban, bodi daban, an haɗa su da gaɓa a tsakani. Ki tsaya wata rana a shataletalen Kwangila ki kalli doguwar mota tana shan kwana: kan zai fara juyawa, bodin ya biyo shi a hankali, kuma ba don wannan mahaɗar ba da tuni ta hau kan masu talla.

Abin da ya fi burge ni, mu ma Hausawa nan hankalinmu ya tafi ba tare da mun tambayi Barume ba. A aji uku na sakandare malamin Hausa ya sa ku raba ma-ka-ran-ta, ya ce gaɓa huɗu ce. Harshe da leɓɓa da hanƙa da ganɗa kuwa gaɓoɓin furuci ake ce musu. Idan dattijo yana sasanci ya gama wani batu, yakan ce to mun zo gaɓar da za a ji ta bakin wane. Saboda haka duk inda kika sake cin karo da articulate, ki fassara wa kanki ita da "mai magana gaɓa-gaɓa". Babu tsawon kalma a cikin asalinta, babu sauri, kuma babu hancin Bature.

Na san za ki ce, Anti, wannan asali ne, su kuwa mutanen kamfanin ba Latin suka duba ba kafin su rubuto mini. Gaskiyarki. Ba na cikin ɗakin, kuma ba zan rantse miki cewa babu wanda ya ji lafazinki ya yanke hukunci tun kafin ki kai aya ba. Ana yi, mun gani, kuma zalunci ne. Kalmar kanta takan ɗauko raini a wasu wuraren. A watan Janairun 2007, Joe Biden, yana sanata a lokacin, ya yaba wa Barack Obama da cewa articulate ne, mai kaifin basira, mai tsabta. Baƙaƙen fatar Amurka da yawa suka ji zafi, domin a kunnensu kamar ana mamaki ne a ce baƙar fata ya iya magana. Sai da Biden ya fito ya nuna nadama, ko da yake a 2008 shi Obama ya ɗauka mataimaki. To idan irin wannan ne ya same ki, babu kwas ɗin da zai gyara zuciyar mai raini, kuma ba ki yi asarar wurin zama ba. Amma wasiƙarki ta sa na fi karkata ga wani abu daban, kuma shi yana da magani.

Kin ce kina haddace manyan kalmomi. Ina kyautata zaton tun kafin intabiyun akwai wannan tunanin a ranki, cewa iya Turanci shi ne zuba masu nauyi. Ba laifinki ba ne, haka muka taso muna ji: wane ya buga Turanci har sai da aka nemi ƙamus, sai a yi tafi. Mai wannan tunanin idan aka yi masa tambaya, hankalinsa yakan rabu biyu. Rabi yana kan amsa, rabi yana can yana laluben kalmar da za ta burge. Sai ya fara jimla bai san inda za ta sauka ba, ya baro ta a hanya, ya ɗauko wata, ya tuna wani abu da ya manta ya cusa shi a tsakiya. Ilimin yana nan cif, amma ya fito a dunƙule kamar an miƙa wa mutum sandar rake guda da ɓawonta an ce bismilla.

Ki lura da mai rake na bakin hanya. Yakan kankare sandar, ya fere, sannan ya sa wuƙa daidai kan gaɓa, ƙwas, yanki ya faɗa leda. Ba ya sara a inda ya ga dama, raken ne ke nuna masa wurin. Kowane yanki daidai bakin mai sha. Tunaninki ma haka yake, yana da wuraren da yake rabuwa da kansa, kuma aikin mai magana ya gano su kafin ya buɗe baki.

Na koyar da Turanci a sakandare shekaru masu yawa, kuma akwai wata muhawara da ba na mantawa. Batun shi ne makarantar kwana ko jeka-ka-dawo, wacce ta fi. Yaron da kowa ya sa wa ido ya tashi da kalmomi irin na jarida, abokansa na ihu a kan kowace ɗaya. Da ya zauna na waiga na tambayi malamar da ke kusa da ni hujja nawa ya kawo, ta kasa faɗa mini ko ɗaya. Sai wani siririn yaro ya miƙe, ɗan ƙauye ne, wandonsa bai kai idon sawu ba, kuma duk inda p ta zo f yake yi. Ya ɗaga yatsu uku. Ya ce a gidansu babu wuta, don haka da magariba karatu ya ƙare, a makaranta kuwa akwai firef na dare. Ya naɗe yatsa ɗaya, ya yi shiru. Ya ce da damina mahaifinsa kan ce a fara zuwa gona, sai ya iso aji an gama darasi biyu. Ya naɗe na biyu. Na ukun ya ce amma yana kewar mahaifiyarsa, kuma wannan gaskiya ce da ba zai ɓoye ba, sai dai hutu na zuwa, jarrabawa kuwa ba ta jira. Ya zauna. Zauren ya yi tsit na ɗan lokaci kafin tafi ya ɓarke. Yau an fi shekara ashirin, ga shi na kawo miki hujjojinsa uku a jere. Wannan yaron shi ne articulate, da f ɗinsa da komai.

Larabawa sun zo wa wannan batu ta wata ƙofar. Kalmar fasaha da muka ara daga wurinsu, wadda yanzu muka fi kai ta wajen gwaninta da ƙere-ƙere, asalinta bayyana ce da tsarkaka. Malaman balaga kan kawo misali da madara: idan kumfar da ke samanta ta kwanta, zallar madarar ta fito, sai a ce ta yi fasaha. Duk wadda ta taɓa tsayawa a ruga da safe ta ga ƙwarya cike da kumfa ta san rabinta iska ce. Kalmomi goman nan da kike haddacewa kullum, 'yata, ina tsoron kumfa kike tarawa. Kuma ki tuna addu'ar Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, lokacin da aka aike shi wurin Fir'auna. A Suratu Ɗaha, aya ta 27 da ta 28, ya roƙi a warware masa ƙulli daga harshensa, ya kuma faɗi dalili: domin su fahimci maganarsa. Fahimtar mai sauraro ya nema. Ki riƙa karanta ta kafin ki shiga kowane ɗakin intabiyu.

Yanzu ga aikin da nake so ki yi, kuma ba ya cin ko kwabo.

Ki ɗauki tambaya ɗaya daga cikin waɗanda suka yi miki, a ce me kika yi a wurin bautar ƙasa. Kada ki fara da Turanci. Ki je wurin Hajiyarku ko kakarki ki ba ta amsar da Hausa, kina kallon fuskarta. Duk inda ta ɗaure gira ko ta ce "wai me ya faru ne?", nan gaɓa ta ɓace miki, kuma da a Turanci ne a nan za ki rasa mai sauraro. Mutane da yawa da suke kuka da Turancinsu, in aka ce su faɗi maganar da Hausa sai ka ji ita ma a cukurkuɗe take, domin ba a gama dafa ta a ciki ba. Ki maimaita har sai ta iya mayar miki da labarin da bakinta. Misali, a ce abin da ya fito shi ne: an tura ni ofishin kuɗi na wata makaranta, na tarar ana rubuta kuɗin ɗalibai a littafi uku kuma ba sa dacewa, saboda haka na tattara su a manhajar kwamfuta ta Excel wuri ɗaya, daga nan aka daina karɓar kuɗi sau biyu a hannun iyaye. Gaɓa huɗu ke nan: inda nake, abin da na tarar, abin da na yi, abin da ya biyo baya. Sai a sannan ki juya su Turanci, jimla huɗu gajeru, da kalmomin da kika sani tun aji ɗaya.

Kalmomin da za ki kula da su ƙanana ne: because, but, so, then. Su ne mahaɗar tirelar. Su suke gaya wa mai sauraro ko dalili za ki kawo, ko juyawa za ki yi, ko sakamako ne ke tafe. Mai magana da ya riƙe waɗannan huɗun a wurarensu ya fi mai kalma dubu da ba su san juna ba.

Sannan shiru. Wannan shi ya fi wa matasa wuya, domin gani kuke in kun tsaya za a ce Turancin ne ya ƙare. Sai ku cike gurbin da "emm" da "you know" da "like". Idan aka yi miki tambaya, ki ja numfashi ɗaya cikakke kafin ki amsa. A wurinki zai yi kamar shekara, a wurinsu daƙiƙa biyu ce, kuma alamar natsuwa ce. Ki nemi jawaban Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa a YouTube, akwai na ranar 1 ga Oktoba 1960, akwai na ziyararsa Amurka a 1961 zamanin Kennedy. Malamin makaranta ne daga ƙasar Bauchi, kuma duniya ta yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Muryar kyautar Allah ce, ba za ki kwaikwaye ta ba. Ki saurari inda yake tsayawa. Ki ɗauki biro, duk inda ya yi shiru ki ja layi a takarda, za ki ga yadda yake ba kowace magana wurin zama kafin ya ɗora wata a kanta.

Lafazi fa? Ba zan ce miki babu komai a cikinsa ba, domin kalmar tana da wannan ɓangaren na furta sauti a rarrabe. Amma ki bambance abu biyu. Akwai amon harshen uwa, wanda Ba'indiye yake da nasa, Bayerabe da nasa, ɗan Sikotilan da nasa, kuma babu mai neman afuwa a kansa. Akwai kuma wuraren da furuci ke canja ma'ana, su ne kawai abin gyara, kuma ba su da yawa. Hausa ba ta bambanta p da f, shi ya sa pull da full suke zame mana abu ɗaya. Ki tsaya gaban madubi: p leɓɓa biyu ne a rufe sannan su buɗe da iska, f kuwa haƙoran sama ne a kan leɓen ƙasa. Minti biyar kullum, cikin 'yan makonni bakinki zai saba. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ƙarshen kalma. Yawancin kalmominmu da wasali suke ƙarewa, don haka mukan haɗiye baƙin ƙarshe na Turanci, sai worked ta koma work, mai sauraro ya rasa ko kin yi aikin ne ko kina kan yi. Ke kuma da yake akanta ce, ki zauna da fifteen da fifty, thirteen da thirty, har sai wanda ke ɗaya ɗakin ya iya rubuta lambar da kika faɗa ba tare da ya ce ki maimaita ba. Miliyan 15 da miliyan 50 ba wasa ba ne a bakin mai riƙe da littafin kuɗi. Wannan gyaran ya fi miki duk wani lafazin Landan da za a sayar miki, wanda in kika ɗora shi a kan tunanin da bai rabu gaɓa-gaɓa ba, wahalar ce za ta zama biyu.

Wayarki ta isa malama. Kowane dare ki ɗauki muryarki minti ɗaya kina amsa tambaya ɗaya, ki saurara, ki tambayi kanki abu nawa na faɗa, kuma wanne ne na farko. Kwanakin farko ba za ki so jin muryar ba, kowa haka yake ji. Kada ki goge. Ki ajiye na ranar farko, bayan wata ɗaya ki saurare shi tare da na ranar talatin.

Wani abu kuma da nake so ki gani da idonki. Ki koma ki karanta wasiƙar da kika aiko mini. Kin faɗi ko ke wace ce, kin faɗi abin da ya faru, kin faɗi yadda ya taɓa ki, kin faɗi abin da kike shirin yi, kin rufe da tambaya biyu. Ban nemi ƙarin bayani ko ɗaya ba kafin in fahimce ki. Wadda ta rubuta wannan tana da gaɓoɓin a kanta. Tsoro ne ya cukuikuye su a gaban mutum uku masu kwat, a harshe na biyu, a garin da ba nata ba, kuma wannan yana warwarewa da yawan yi.

Shi ya sa maganar ɗaki ta ƙare daga yau. Na san ana cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi, amma ke rawarki ba muguwa ba ce, ƙafar ce ta yi sanyi don an daɗe a zaune. Baƙon da zai zo nan gaba, ke za ki kai masa ruwa, ki zauna, ki tambaye shi hanya da aiki, ki ba shi labari ɗaya mai gaɓa uku. In akwai makarantar Islamiyya ko firamare kusa da ku, ki nemi a ba ki aji ɗaya na lissafi ko sau biyu a mako kafin aiki ya samu, domin yara ba sa ɓoye fuska in ba su gane ba. Kuɗin alawus ɗin kuma ki bar su na mota da masauki, saboda za a sake kiran ki Abuja ko Kano ko Legas, kuma ina so ranar ta same ki da guzuri a hannu.

Bayan wata ɗaya ki sake rubuto mini, ki gaya mini abin da Hajiya ta ce da kika ba ta labarin aikinki na bautar ƙasa, da abin da kika ji a muryar ranar talatin. Allah ya warware miki, ya ba ki aikin da ya fi alheri.